Baba Sai-Rani da Tagogin Makcik

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Sentul ya san yadda Malam Tanimu yake buɗe ranarsa. Idan ya dawo daga sallar asuba ba ya wucewa ɗaki. Sai ya zagaya gaban gida, ya tsaya a tagar Makcik, ya goga babban yatsansa a kan dakalin tagar, wato dutsen nan da ake shimfiɗawa a ƙasan taga don ya kori ruwa daga jikin bango. Yashi ya biyo yatsan. Ya dubi yashin, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya miƙa tafin hannu ya ji iska. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Sai rani."

A Kuala Lumpur fa, jama'a! Garin da hadari yake haɗuwa bayan azahar kamar wanda aka ɗauka aiki, ba ya fashi, ba ya neman hutu.

Ku da kuka zauna da shi kun san daga nan sunan Baba Sai-Rani ya samo asali. Amma saboda sababbin zuwa da suka tarar da sunan ba su tarar da tushensa ba, bari in ɗan koma baya. Malam Tanimu Bazazzagi ne, ɗan gidan magina. Kakansa da mahaifinsa ginin ƙasa suka yi har suka koma ga Allah. Shi kuwa boko ta ɗauke shi, ya zo nan digiri na uku a fannin tarihi, ya gama, ya samu koyarwa a wata ƙaramar kwaleji, ya zauna. Matarsa ta rasu tun kafin ya baro gida, 'yarsa ɗaya, Hadiza, tana aure a Zariya. Lokacin da na zo karatu na same shi ne babba a ɗakunan baya na gidan, tare da Bulus, mutumin Pankshin mai karatun injiniya. Mai gidan, Makcik Salmah, tana zaune a ɓangaren gaba. Makcik a harshensu kamar a ce Goggo ne, kuma da gaske goggo ta zame mana, domin ba ta taɓa dafa abinci ta manta da ɗakunan baya ba.

Gidan tsoho ne, na jan bulo, tun zamanin ma'aikatan jirgin ƙasa, dogayen benaye sun kewaye shi kamar samari sun sa tsoho a tsakiya. Dakalin kowace taga dutse ne mai laushi, irin wanda asalinsa yashi ne ya dunƙule, launinsa kamar na soyayyar gyaɗa. Ruwan shekaru ya cinye shi. Maimakon ya gangara waje, sai tsakiyarsa ta lotsa kamar kasko, ruwa ya taru a ciki, ya riƙa tsatsafowa cikin bango. Bangon ɗakin Makcik ya yi baƙi da danshi, ita kuma ga tari.

Tun shekararsa ta farko Malam ya yi mata alkawarin zai gyara. Sharaɗi ɗaya kawai ya sa. A gidansu, in ji shi, ba a taɓa gyaran gini da damina. Mahaifinsa yana iya yafe wa yaro ƙarya, amma ba ya yafe wa wanda ya kwaɓa ƙasa alhali ruwa bai ɗauke ba. Saboda haka sai rani. Makcik ba ta san mene ne rani ba, ta ce to.

Bulus ne ya fara yi masa bayani, cikin ladabi.

"Baba, ƙasan nan fa ba su da rani. Na duba."

"A ina ka duba?"

"A waya."

"Wayar ce ta halicci shekara? Kai Bulus, Allah bai yi ƙasar da ba ta da rani ba. Makara dai yake yi. Ka taɓa ganin jirgin Kaduna ya zo a kan lokaci? Amma ai yana zuwa."

Akwai wani lokaci da aka yi 'yan kwanaki ba a ga ɗigon ruwa ba. Malam ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya fito da cokalin gini, da 'yar guduma, da ƙarfen sassaƙa, ya sa wata tsohuwar riga da ya ce ta mahaifinsa ce. Ya tara mu a gaban taga kamar za a yanka ragon suna. Ya ɗaga guduma ya ce, "Bismillahi." Wallahi kafin gudumar ta sauka aka yi wata tsawa da ta sa motocin layin duka suka kama kuka. Ya sauke hannu a hankali, ya naɗe kayansa cikin buhu.

"Ranin ƙarya ne," in ji shi. "Ko a gida ana yin sa. Na gane shi tun jiya, gwada ku nake yi."

Da Bulus ya gaji, sai wata Asabar ya shigo da buhun siminti a kafaɗa, gumi har idon sawu. Ya dire shi a falo ya ce, "Baba, wannan ba ruwanshi da rani. Yau a shafa, gobe ya kama. Shi ke nan, kowa ya huta."

Malam ya zagaya buhun sau da yawa, hannuwa a baya, kamar ya ga baƙon kare a masallaci.

"Injiniya, ka taɓa ganin an yi wa tsohuwar rigar saƙi faci da fatar sa?"

"A'a, Baba."

"Facin zai zauna daram har jikokinka. Rigar ce za ta yayyage a kewayensa. Dutsen nan numfashi yake yi. Ka toshe masa hanci da wannan, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, sai ya ci dutsen daga ciki kamar gara. Ajiye shi can."

Aka jingine buhun a lungu. Danshin garin nan kuwa kun san shi, ba a daɗe ba ya daskare ya zama dutse guda. Malam ya shimfiɗa masa ɗan ƙyalle, ya mai da shi kujerar baƙi. Yawancinku kun zauna a kai. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Bismillah, ga kujerar Injiniya. Shi ne aikinsa na farko a ƙasar waje, kuma har yau bai rushe ba." Bulus ya ce, "Baba, Allah zai saka mini." Malam ya ce, "Amin, da farar ƙasa."

Kada wani ya zaci jiran rani zama ne kawai. Malam shiri yake yi kamar mai shirin yaƙi. Ya sayo farar ƙasa, wadda mutanen nan suke kira kapur, ya jiƙa ta a cikin wata shuɗiyar ganga a bayan kicin, ya rufe, ya hana kowa taɓawa. Yana cewa ita kamar daddawa ce, daɗewa ke ƙara mata daraja. Duk ɓarɓashin da ya faɗo daga dakalin tagogi kuwa tsince shi yake yi, don a daka a zuba cikin kwaɓin, launi ya zo ɗaya. Rannan Makcik ta kama shi yana dakan dutse a ɗan turmin da take daka barkono. Ban taɓa sanin tana iya gudu ba sai ranar. Shi ma ban taɓa sanin yana iyawa ba.

Abu ɗaya ya rage masa, gashin akuya. Mahaifinsa ba ya kwaɓin da zai tsaya wa ruwa sai ya zuba gashi a ciki don ya riƙe. Ni ya ja zuwa kasuwar Chow Kit in yi masa tafinta, ko da yake ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru. Mahaucin ya nuna masa cinya, ya ce a'a. Ya nuna masa kai da ƙafa, ya ce a'a.

"Gaya masa gashi nake so. Gashi zalla."

Na faɗa. Mahaucin ya dubi Malam, ya jawo ni gefe ya tambaye ni a hankali, "Babanka lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Me ya ce?" in ji Malam.

"Ya ce sai lokacin layya."

Da Babbar Sallah kuwa ya samu, cike da leda, daga wurin masu fiɗa a wani masallaci. Muka shiga jirgin nan mai tafiya a kan gada, ana zafi, ledar ba ta ɗauru sosai ba. Tasha ɗaya, biyu, sai na ga mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa can ƙarshen tarago, wata baiwar Allah ta toshe hanci da gefen mayafi. Ni kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam ya miƙe ƙafafu a kan fili, ya dube ni cike da gamsuwa.

"Ka ga tarbiyya, Aminu? Sun ga dattijo, sun ba shi wuri. Ina ma yaranmu su gani!"

Haka muka yi ta dariyar tagogin nan, har ranar da dariya ta ƙare. Tarin Makcik ya tsananta, aka kwantar da ita asibiti. Da aka sallame ta, ɗanta Azman ya kawo ta gida, ya shiga ɗakin, ya dafa bango, ya fito da tafin hannu a jiƙe ya nuna mana. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce idan azumi ya kama bangon nan yana haka, zai ɗauke mahaifiyarsa zuwa gidansa a saman bene, wannan kuwa ya sayar wa masu ginin da suka daɗe suna bibiyarsa. Babu wanda ya ga laifinsa. Uwarsa ce.

Bayan ya tafi Makcik ta zauna a bakin tagarta, inda take zama kullum, ta ɗora kofin shayi a kan lotsattsen dutsen. A gidan nan aka kawo ta amarya. Ta wannan tagar take gaisawa da duk wanda ya wuce, ta ita ta riƙa miƙa wa marigayi mijinta abincin rana idan zai tafi aiki. Ta ce da ni, "A gidan Azman tagar ba ta buɗuwa. Kuma wa zai wuce ta can sama ya gaishe ni? Tsuntsu?"

Malam ya shiga wani hali. Ga alkawarin da ya yi wa tsohuwa, ga dokar mahaifinsa, ga sama kuma ta ƙi ba da haɗin kai. Ya rage cin abinci. Da safe yana zuwa ya goga yatsa a dutsen, ya dubi sama, amma "sai rani" ta ƙi fita. A rana ta nawa ban sani ba, Makcik ta leƙo ta same shi a tsaye. Cikgu take kiransa, wato malamin makaranta.

"Cikgu, wannan rani naka da nake ji shekara da shekaru, wai mene ne shi?"

"Lokaci ne da ruwan sama ba ya taɓa bango, Makcik."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ya Allah! To mu nan idan za mu aurar da 'ya, ka ga muna jiran sama ta ba mu izini? Rumfa muke kafawa. Da jira muke yi, da har yau ni budurwa ce."

Sai Malam ya ce, kamar mai magana da kansa, "Baba dai bai ce sai sama ta bushe ba. Cewa ya yi kada ruwa ya taɓa aiki." Sai ya juyo ya daka mini tsawa, "Aminu, tsayuwar me kake yi? Je ka nemo rumfa! Dama abin da nake shirin faɗa ke nan ta riga ni."

Rumfar da ake samu a unguwar ita ce ta masallaci, wadda ake ara wa masu biki. Fara ce tas, da labule mai tattara a gefe, da ƙyalle ruwan hoda a naɗe jikin kowane ƙarfe. Ni da Bulus muka kafa ta da yammacin Juma'a, ta rufe tagogin gaba gaba ɗaya. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, a unguwar nan ba a kafa wannan rumfa a ƙofar gida sai da dalili.

Da hantsin Asabar sai ga mutane. Maza da huluna da zanen ado ɗaure a ƙugu, mata da kwanuka. Labari ya riga ya zagaya cewa Makcik Salmah ta amince za ta auri Cikgu ɗan Afirka. Malam yana sanye da rigar mahaifinsa, farar ƙasa har gwiwar hannu, wani dattijo ya rungume shi, ya ce dama su sun daɗe da lura, kullum da asuba yana tsaye a tagarta. Makcik ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka ba ta ruwa. Bulus kuwa ya kwanta a ƙasa don dariya.

Malam ya ɓace. A bayan shuɗiyar ganga na same shi a tsugune.

"Baba, me zan ce musu?"

"Inna lillahi! Ni Tanimu, da furfurata!" Ya share gumi. Sai ya leƙa ya ƙare wa taron kallo. "Su nawa ne haka? Kai, tunda sun zo, a ba su aiki."

Aka kuwa ba su. Masu zanen ado suka naɗe hannun riga suna tankaɗe yashi, wani liman mai ritaya yana tsefe gashin akuya, mata suka haɗa abin da suka kawo da shinkafar da Makcik ta ɗora. Ban taɓa ganin bikin da aka zo da kwalliya aka koma gida da farar ƙasa a gira ba sai wannan. Da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Malam ya tsaya a tsakiyar rumfar, ya miƙa tafin hannu, ya juya shi, babu ɗigo. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Rani ya kama."

Ranar na ga wani Malam Tanimu da ban sani ba. Duk surutun nan ya ɗauke. Ya riƙa kankare ruɓaɓɓen dutse a hankali, yana ƙwanƙwasawa yana saurare, sai inda ya ji ƙara mai tsabta yake tsayawa. Ya yayyafa ruwa, ya shafa kwaɓin siriri, ya bar shi ya kama, washegari ya ƙara wani a kai. Ba a cike rami rana ɗaya, in ji shi, kamar talgen tuwo ne, wanda ya zuba gari gaba ɗaya gudaji zai ci. Da ya kai sama sai ya karkata shi waje kaɗan, sannan ya kwanta rigingine a ƙasa, ya ja siririn kwari a ƙarƙashin leɓen dutsen da kan ƙusa, don ruwa ya ɗiga a nan kada ya lallaɓa ya koma bango. Daga ƙarshe ya lulluɓe aikin da jiƙaƙƙen buhu.

Bulus ya riƙe baki. "Baba! Shekaru kana jiran rani, yanzu kuma kai da kanka kake jiƙa shi?"

"Injiniya, baƙon da ka gayyata da wanda ya hauro katanga duk a gidanka suke, amma ba ɗaya ba ne."

Makonni rumfar ta yi a nan. Da aka kwance ta Azman ya zo, ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa a tagar mahaifiyarsa. Ruwan ya gangara, ya tsaya a leɓe, ya ɗiɗɗiga ƙasa a jere. Ya dawo ana gobe azumi, ya shiga ɗakin, ya dafa bango, ya daɗe. Da ya fito sai ya kama hannun Malam da hannu biyu ya kai goshinsa, yadda suke yi wa iyayensu. A gidanta Makcik ta yi azumin, ta tagar nan ta riƙa miƙo mana kunun buɗa-baki.

Taga ɗaya ce ba a gyara ba, ta Malam, a can baya. Duk lokacin da muka yi maganarta sai ya ce tasa ba ta gaggawa, sai rani. Haka kuma yake ce wa Hadiza idan ta kira shi ta ce, "Baba, yaushe za ka dawo ka ga jikokinka?" Amma bana da gaske yake yi. Ya sayi atamfa da 'yan takalma, ya ce yana so ya sauka Zariya ana tsakiyar rani, ya ga bangon gidansu da idonsa. Sai ciwo ya kama shi, bai ɗauki lokaci ba Allah ya yi masa rasuwa. A nan aka binne shi, ana yayyafi.

Makcik ce ta aika a aro rumfar nan, don masu zuwa ta'aziyya, kuma da yawanku a ƙarƙashinta kuka zauna. Abin da ba ku gani ba shi ne abin da ya faru bayan an watse. Muna shirin kwance ta, sai Makcik ta fito da sandarta ta ce kada mu naɗe, mu kai ta baya. Muka ɗauki rumfar da ƙafafunta muka tsayar a kan tagar Malam. Sauran farar ƙasa tana cikin ganga, sauran gashin yana cikin leda. Bulus ya shiga ɗakin ya fito da cokalin gini, idanunsa jawur. Ya ce da ni, "Kai ka yi bismillar, ni zan kankare." Hadari ya haɗu, ruwa ya fara dukan rumfa. Makcik ta miƙa tafin hannunta daga inda take zaune, ta juya shi, ta ce da Hausar da ba ta da wata sai ita, "Rani."

Na aika wa Hadiza hoton tagar tare da atamfar da takalman.

Allah ya jiƙan Malam Tanimu, ya gafarta masa, ya haɗa shi da mahaifinsa da matarsa a gidan da bangonsa ba ya tsatsa. Yadda ya tsare wa tsohuwa ɗakinta a ƙasar da ba tasa ba, ya Allah ka tsare masa kabarinsa, ka sa shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa sai taka. Amin.